Ya sake ni ya riƙe min yara: wa shari'a ta ba riƙo?

"Assalamu alaikum Barista. Aurenmu shekara 11, yaranmu uku: namiji mai shekara 9, mace mai shekara 6, sai wanda nake goyo, watansa 14. Wata huɗu ke nan da ya sake ni, har na gama idda. Ranar da zan bar gidan ya ce in tafi da na goye, manyan kuma ba inda za su, wai ɗa na uba ne, shi ma ƙaramin da na yaye shi zai aiko a ɗauko. Yanzu suna hannun kishiyata. Sau biyu ina zuwa ganinsu ana ce min ba sa nan. Mahaifina ya ce in yi haƙuri, ba a kai uban 'ya'ya kotu. Ga shi kuma akwai mai nemana da aure. Mahaifiyata tana nan da ranta da lafiyarta. A Kano muke. Mene ne matsayina?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki haƙuri, ya shirya miki zuri'a. Tambayarki ɗaya ce a rubuce, amma abu huɗu kika ɗauro a ciki: wa ya fi cancantar yaran su zauna a wurinsa, wa zai ciyar da su, me zai faru idan kika yi wani auren, sannan ta wace ƙofa za ki bi ba tare da kin ɓata da mahaifinki ba. Zan bi su, amma bari in fara da maganar da aka sallame ki da ita a bakin ƙofa, don ita ce take karya gwiwar mata da yawa tun kafin su tambayi kowa.

"Ɗa na uba ne" gaskiya ce, amma ba a inda ake kafa ta ba. Ɗa na uba ne a nasaba: sunansa zai amsa, danginsa ne asalinsa. Uba ne waliyyi, shi zai aurar da 'yarsa, shi zai kula da dukiyar yaro idan yana da ita, kuma a wuyansa ci da sha da tufa da magani suke. Wannan babi daban ne, sunansa wilaya. Inda yaro zai kwana, wanda zai yi masa wanka, ya duba kansa, ya lura ko ya ci abinci, wannan wani babin ne, malaman fiƙihu suna kiransa hadana, mu kuma muna cewa riƙo ko reno. Al'adarmu ce ta cuɗa biyun ta damƙa wa namiji, har mutane suka ɗauka addini ne. Kotunan shari'ar Musulunci na Kano da sauran jihohinmu da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma a Malikiyya, idan aure ya mutu, uwa ce a sahun gaba wajen riƙo. Namiji yana wurinta har ya balaga. Mace kuwa har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Ba ra'ayin lauyoyin zamani ba ne. Haka yake a Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan malamanmu, haka yake a Muhtasar na Halil wanda alƙalai suke buɗewa a kan teburinsu.

Asalin hukuncin ma ya girmi littattafan. Abu Dawud ya ruwaito labarin matar da ta zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana cewa cikinta ne ya ɗauki yaron, nononta ya shayar da shi, cinyarta ta rene shi, ga ubansa ya sake ta yana so ya ƙwace shi. Aka ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. A Muwaɗɗa kuma akwai labarin Sayyidina Umar da ɗansa Asim: bayan ya rabu da mahaifiyar yaron, ya tarar da shi yana wasa a Kuba ya ɗora shi a kan dabbarsa, kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, aka je gaban Sayyidina Abubakar, ya ce a bar mata shi, Umar bai ƙara cewa uffan ba. Ina yawan karanta wa maza wannan labarin a ofis, saboda duk zafin kan mutum ba zai ce ya fi Umar kishin ɗansa ba.

Wataƙila za a ce miki ai yaro in ya kai shekara 7 ya koma wurin uba. Maganar tana da tushe, sai dai ba a mazhabarmu ba. Hanafiyya ne suka yanke wa namiji shekara 7, mace 9, Shafi'iyya kuma suka ce idan yaro ya yi wayo a ba shi zaɓi. Saboda haka ɗanki mai shekara 9 da 'yarki mai 6 duk suna cikin lokacin riƙonki, balle na goye. Yaye ba ya canza komai.

Sharuɗɗan da za a auna ki da su

Wannan fifiko ba kyauta ce da aka yi wa uwa don a faranta mata ba. An ba ta ne saboda an ɗauka yaro ya fi samun kulawa a wurinta, don haka ranar da aka tabbatar akasin haka, sai ya faɗi. Ana son mai riƙo ta kasance mai hankali, mai iya ɗawainiyar yara, amintacciya a addini da hali, wadda ba ta da wata cuta mai yaɗuwa da za ta cutar da su, kuma tana zaune a wuri mai tsaro, musamman idan akwai 'ya mace da ta fara tasowa. Talauci ba ya cikin abin da ke kayar da riƙo. Ki riƙe wannan da kyau, don shi ne makamin farko da ake zarewa: "Ba ta da sana'a, da me za ta ciyar da su?" Ba ita aka ɗora wa ciyarwa ba tun farko.

Makami na biyu shi ne ɓata suna. Na sha tsayawa a gaban alƙali ina jin miji yana zayyana wa matar da ya zauna da ita shekara goma munanan halaye: ba ta zaman gida, tana yawan waya, ba ta da tarbiyya. Ƙa'ida ita ce wanda ya yi da'awa shi zai kawo hujja, kuma asalin uwa amintacciya ce har sai an tabbatar da saɓanin haka da shaidu. Duk da haka ki taimaki kanki. Zawarci lokaci ne da idon unguwa yake kan mace. Kada ki rubuta zagi a WhatsApp, kada ki kai maganar Facebook, kada ki tura masa saƙon murya cikin fushi. Na ga saƙon minti ɗaya da aka kunna a kotu ya rushe shari'ar da muka yi wata uku muna ginawa.

Maganar manemin nan

Nan ne ya kamata ki nutsu, don a nan mata suka fi yin asara cikin rashin sani. Idan kika auri wanda ba muharramin yaran ba ne, ya kuma tare da ke, riƙonki ya faɗi. Dalilin malamai shi ne hidimar sabon miji za ta ɗauke ki, shi kuma ba jininsa ba ne. Ko a Hausance mun san zaman agola ba kullum yake daɗi ba. Amma faɗuwar riƙonki ba ta nufin yaran sun koma hannun ubansu kai tsaye, kuma wannan ne abin da yawancin mutane ba su sani ba. Akwai layi. Bayan uwa sai mahaifiyarta, wato kakar yaran ta wajenki. Bayan ta sai kakarki, sai 'yar'uwarki wadda take innarsu, sai innarki ke kanki, sannan a tsallaka ɓangaren uba a fara da mahaifiyarsa, kafin a zo kansa shi. Annabi da kansa ya ba da 'yar Sayyidina Hamza ga gidan Ja'afar saboda innarta tana can, ya ce inna a matsayin uwa take. Tunda kin ce Hajiyarki tana da rai da lafiya, ita ce ta gaba a layi, da sharaɗin ba a gida ɗaya za ku zauna da ita ba bayan kin yi auren. Shi uban ma, ranar da layi ya iso kansa, sai ya nuna akwai macen da za ta kula da yaran a gidansa.

Akwai wuraren da aure ba ya kayar da riƙo: idan sabon mijin muharramin yaran ne, kamar baffansu, idan jariri ya ƙi karɓar nonon kowa sai na uwarsa, idan babu wani mai riƙo da ya cancanta, ko kuma wanda riƙon zai koma wa ya san kin yi aure ya yi shiru har shekara ta zagayo ba tare da uzuri ba. Sai dai ki lura da abu ɗaya mai ɗaci: a mashhurin zancen mazhaba, riƙon da ya faɗi saboda aure ba ya dawowa ko da auren na biyu ya mutu.

Shawarata a nan a fili take. Ki daidaita maganar yaran kafin a ɗaura, kada ki bari sai bayan an tare. Idan kika je kotu yau, kina neman haƙƙinki ne da kanki, kuma matsayinki yana da ƙarfi. Idan kika je bayan biki, sai dai Hajiya ta shigar da ƙara da sunanta, alhali yaran sun ƙara watanni a can sun saba, makarantarsu tana can, alƙali kuma ba ya son tumɓuke yaro daga inda ya kafu. Ban ce ki ƙi aure ba, ke ma kina da haƙƙin rayuwarki. Amma ki zauna da manemin ki gaya masa gaskiya, ki ji ta bakinsa, ki kuma tambayi Hajiya ko za ta iya, don riƙon yara uku a jikin tsufa ba wasa ba ne.

Jinkirin kansa yana da haɗari ko babu aure. Wadda ta sauke haƙƙin riƙo da bakinta ba tare da uzuri ba, ba ta komawa ta ce ta fasa, kuma dogon shiru ana iya fassara shi da saukewa. Wata huɗu bai yi yawa ba, musamman da yake kin je sau biyu an hana ki. Ki tuna ranakun, ki tuna wanda ya raka ki, ko mai adaidaita sahun da ya kai ki ne. Kada kuma ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a wata takarda da aka rubuta a zaure sai an karanta miki ita kalma kalma. Masu neman hul'i su suka fi faɗawa wannan rami, a ce musu "ki bar yara a sake ki," su amsa don ƙosawa. Ke tunda shi ya sake ki da kansa, babu abin da kika biya da shi.

Ciyarwa

Alƙur'ani a Suratul Baƙara aya ta 233 ya ɗora wa uba ciyarwa da tufatarwa gwargwadon hali, a Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ya ce idan matan da aka saka suka shayar muku, ku ba su ladansu. Don haka yaran suna wurinki, nafaƙarsu tana kansa: abinci, sutura, magani, kuɗin makaranta, da wani kaso na muhalli da alƙali zai ƙiyasta. Na namiji har ya balaga yana iya nema, ta mace har ta tare a gidan miji. Ke za ki riƙa karɓa ki sarrafa. Ba shi da ikon cewa sai dai su zo gidansa su ci su koma. Shayarwar da kike yi yanzu bayan idda ma kina da damar neman ladanta. Renon kansa ne ba a biyan uwa a kai.

Abin da nake gani a aikace shi ne alƙali yana yanka kuɗi daidai da abin da aka nuna masa. Mace ta tashi ta ce "a ba ni abin da ya sawwaƙa," sai a yanka mata abin da ba zai kai sati biyu ba. Ki zo da lissafi a rubuce: kwano nawa na hatsi a wata, kuɗin zangon karatu da rasit ɗinsa, kuɗin Islamiyya, sabulu, katin asibiti. Ki faɗi sana'arsa da abin da kika sani na samunsa. Ki roƙi a rubuta ranar biya da hanyar biya, ta banki ko ta hannun kotu, don a samu shaida. Kuma hukuncin nafaƙa ba a kan dutse aka sassaƙa shi ba. Farashi ya tashi, yara sun girma, kina iya komawa a sake duba shi.

Shi ma yana da nasa haƙƙin, kuma zan faɗa miki shi ko da ba zai yi miki daɗi ba. Yana da ikon ganin 'ya'yansa, ya bibiyi tarbiyyarsu, ya zaɓa musu makaranta, su je wurinsa da rana su dawo su kwana a wurinki. Idan kuma zai ƙaura ya koma wani gari mai nisa da niyyar zama, nisan da malamai suka ƙiyasta da barid 6, wato kusan mil 72 a lissafinsu, kuma hanya da garin akwai aminci, littattafan sun ba shi damar tafiya da su sai in za ki bi su. Haka idan ke ce za ki yi irin wannan ƙaurar, riƙon yana iya kuɓuce miki. Tafiyar fatauci ko ziyara ba ta cikin wannan.

Ta ina za ki fara

Ki fara da Baba. Maganarsa ba ta banza ba ce: yana gudun a ce 'yarsa ta tona asirin uban jikokinsa. Kada ki yi masa gardama. Ki nemi wani malami da yake jin maganarsa, ko kawunki, ya zauna da shi a buɗe masa babin hadana ya gani da idonsa. Sau da yawa dattijo yana sauka idan ya gane ba tawaye 'yarsa take yi ba. Daga nan a tura manya wurin dangin mijin, ko a je gaban mai unguwa, ko ofishin Hisba, waɗanda sulhun ma'aurata yana cikin aikinsu na kullum. Idan an daidaita, a rubuta: inda yara za su zauna, ranakun ziyara, hutun makaranta da salla a wurin wa, nawa ne a wata. Sannan a kai takardar kotu ta mayar da ita hukunci, don Hisba da mai unguwa suna sulhu ne, ba su da ikon tilasta wanda ya saɓa.

In sulhu ya ƙi, ki je kotun shari'ar Musulunci ta yankinku ki shigar da ƙara wurin magatakarda, a kai masa sammaci. Ba dole sai da lauya ba, mata da yawa da bakinsu suke tsayawa, amma idan kina so kuma babu hali, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya da aka kafa tun 1976, akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Ki tafi da takardar saki, takardun haihuwar yaran, da shaidu biyu da suka san zamanku. Tun zaman farko ki roƙi a ba ki damar ganin yaran kafin a gama shari'a. Idan hukunci bai yi miki ba, akwai babbar kotun shari'a, sama da ita akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumi a kan aure da waliccin yara. Wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, ki tambaye shi a ranar da aka yanke hukuncin, ki kuma nemi kwafinsa.

Abin da ba za ki yi ba: kada ki je makaranta ki kwashe su a ɓoye, kada ki tura ƙannenki maza gidan. Gaskiyarki za ta koma laifi, a bar maganar riƙo a shiga ta 'yan sanda.

Dokokin gwamnati ma suna bayan yaran. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta buɗe ne da cewa maslahar yaro ita ce abin dubawa na farko a duk abin da ya shafe shi. Kaduna ta yi tata dokar a 2018, Kano ta sa hannu a kan dokar kare yara a 2023. Masu auren rajista kuma babbar kotun jiha ce take duba nasu a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, ita ma sashe na 71 maslahar yaro ya sa a gaba. Amfanin waɗannan a gare ki shi ne idan kika samu labarin ana dukan yaran, ko an cire 'yar daga makaranta an ɗora mata talla, ko ana shirin tura namijin wani gari ba da saninki ba, to ba sai kin jira ƙarshen shari'a ba. Ki sanar da alƙali nan take, ki kuma kai rahoto ofishin jin daɗin jama'a na ma'aikatar mata.

Ɓangarenki kaɗai na ji, shi kuma alƙali zai ji biyu, don haka ba zan yi miki alkawarin sakamako ba. Kuma akwai abin da takardar hukunci ba ta iyawa. Na taɓa tsaya wa wata baiwar Allah, muka yi nasara sarai, aka ce a miƙa mata yaranta biyu a harabar kotu. Ƙaramar ta ruga ta shige cikin hijabinta. Babban, ɗan shekara 10, ya tsaya jikin mota ya ƙi motsi, yana kallon ƙasa, saboda shekara guda ana gaya masa uwarsa ce ta gudu ta bar shi. Alƙalin, dattijo ne mai haƙuri, ya kira mu ofishinsa, ya aika aka sayo wa yaron lemo, ya ce kada a ja shi. Ya fara zuwa wurinta ranar Juma'a ya koma Asabar, a ƙara kwana ɗaya duk wata. Sai da aka yi wata biyar kafin ya kawo jakar makarantarsa da kansa.

Naki wata huɗu ne kawai, da sauran dama. Ranar da kika samu ganinsu, kada ki tambaye su me matar babansu take yi musu, kada ki ce komai a kan ubansu. Ki tafi da ƙaninsu su ɗauke shi, ki kai musu abincin da kika san suna so, ki duba kan 'yar ki yi mata kitso idan lokaci ya ba ki. Maganar kotu kuma ki fara ta da Baba a cikin makon nan.